Damin Nomau, Sunan Tanimu

Duk wanda ya taɓa zuwa a rubuta masa wasiƙa a gindin itacen bedin nan na Sabon Garin Maraɗi ya san Maiwada. Teburinsa ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce. Bik uku ke jere a aljihun rigarsa, ɗaya ke rubutu, sauran biyun na kwarjini ne. Amma abin da aka fi saninsa da shi tambayar suna. Ka ce masa Sha'ibu kake, sai ya ce ɗan wa. Ka faɗa, ya ce shi kuma ɗan wa. Mutum ya zo neman takardar aikin gadi, sai ka gan shi yana gumi yana laluben sunan kakansa. 'Yan kabu-kabun da ke fakewa a inuwar suna ce masa Mushe Asali, wato malamin asali, shi kuwa ko a jikinsa.

Da ba haka yake ba. An haife shi a Maraɗi, uwarsa Asabe 'yar Jiratawa ce. Ya shiga lakwal ne don ranar da aka zo kamun yaran da za a sa a boko shi kaɗai ne bai iya gudu ba, ƙaya ta soke shi. Daga wannan ƙaya ya zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, mai Faransanci kamar ruwa, har matarsa Atika takan ce ko tuntuɓe ya yi da Faransanci yake salati. Sai aka yi Babban Taron Ƙasa, jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar farkon damina, malamai suka shiga yajin aiki, suka fita, suka sake shiga. Alli ya bushe a aljihun Maiwada. Yana cikin wannan zaman ne, shekarar da aka yi zaɓen farko, aka ce masa wani Bature ɗan wata jami'a a Kanada yana neman tafinta.

Sunan Baturen Eliyas, amma kafin ya kwana uku a unguwar Zariya, inda ya kama ɗaki, an mai da shi Ilyasu. Dogo ne siriri, rana ta mai da wuyansa ja kamar tattasai. Ya zo ne ya yi bincike a kan manoman gero na kwarin gulbi da al'adunsu na noma, ya rubuta littafin da zai zama dakta da shi. Ya zo da rakoda, da kasat cike da akwati, da kaye-kaye, wato littattafan rubutu, masu baƙar fata, da imanin cewa wata shida sun ishe shi.

Wata biyu na farko a bakin ofis suka ƙare. Takardar izinin bincike tana son hatimi, mai hatimin kuma duk lokacin da aka je sai a tarar an sauya shi, sabon ya ce bai san zancen ba. Da aka samu hatimin, sai cikin Ilyasu ya yi nasa yajin aikin. Fura ta ƙi shi, ruwan rijiya ya ƙi shi, har dafaffen ƙwai ya juya masa baya. Sau uku Maiwada yana kai bel ɗinsa wurin baduku a ƙara masa huda. A shingen hanya jandarma ya ce ɗan leƙen asiri ne. A ƙauye aka ce ƙidayar rumbuna ya zo yi don haraji, wasu suka ce jam'iyya ce ta aiko shi, sai dai ba a daidaita a kan wace ba. Malaminsa na can yana aiko wasiƙa yana tambayar babi na farko. Budurwarsa ta aiko tata, gajera, daga ita ba ta sake ba.

Da damina zazzaɓin sauro ya kayar da shi. Maiwada ya tarar da shi da hantsi a ƙasan ɗaki yana rawar ɗari yana kiran uwarsa. Ya ɗora shi bayan ɗan babur ɗinsa mobilet, ya ɗaure shi a bayansa da zanen Atika kamar goyo, ƙafafun na jan ƙasa, ya ratsa gari da shi mutane na nuni. Sati biyu yana kwance a zauren Maiwada, Atika na dama masa kunun tsamiya tana ce masa, "Sha, Ilyasu, in ka mutu mana a nan ban san mi za mu ce ma uwarka ba." Ranar da ya iya zama, ya kama hannun Maiwada da hannu biyu ya ce, da Hausarsa mai tafiya kamar sabon jaki, "Kai ɗan'uwana ne." Maiwada ya ji maganar har cikin ransa, ya ajiye ta.

Wahalar da ta fi duka ita ce ba mai gaya wa Ilyasu komai. Ya tambayi manomi yadda ake buɗe gona, a ce masa lafiya lau. Ya tambayi abin da kakanni ke yankawa kafin shuka, a ce ai wannan sai mutanen da, mu Musulmi ne. Zamanin kuwa masu wa'azi sun yi ƙarfi a Maraɗi, ba mai son a ji bakinsa. Wata bakwai, kasat ɗinsa cike da gaisuwa da caran zakara. Wata rana da la'asar a hanyar Tibiri, Ilyasu ya ce a tsaya. Ya shiga cikin gero kamar mai zagayawa, sai Maiwada ya jiwo shi yana kuka, kuka na gaske irin na yaron da aka manta a kasuwa.

Abin da ya sa ke nan Maiwada ya yi abin da ya daɗe yana ƙi. Ya kai shi Jiratawa wurin kawunsa Nomau, yayan uwarsa.

Nomau tsoho ne gajere, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. A duk yankin shi ne na ƙarshe da ya yi dubu. Dubu ita ce manomi ya noma dami dubu na gero a damina ɗaya da gandunsa, ya jera su a fili kowa ya gani, ya yi yanka, ya tara gari da maƙwabta, ya rabar da hatsin har ya koma gida kusan hannu wofi. Abin da ya rage masa shi ne suna, makaɗa su sa shi a ganga, a riƙa ce masa Sarkin Noma har bayan ransa. To, makaɗin Nomau ya mutu, ɗiyan makaɗin sun koma yi wa jam'iyyu waƙa a lasifika. 'Ya'yan Nomau su kuma suna Maraɗi suna sai da fetur a kwalba, in an yi zancen dubu sai su sunkuyar da kai su ce almubazzaranci ne na jahiliyya.

Tsohon ya saurari bayanin Maiwada yana kallon rakodar, sannan ya ce, "Ɗan Asabe, tambaye shi. Takardar nan da zai yi, tana ruɓewa?"

Ilyasu ya ce ba ta ruɓewa, ana ajiye ta a manyan ɗakunan karatu shekara ɗari, har fiye.

"To gaya mishi ban son goronshi, ban son sukari. Ni ganga nika so, tawa ta mutu. Zan hwaɗa mishi duk abin da na sani, har wanda ban hwaɗa ma ɗiyana ba. Shi kuma ya sa sunana ciki. Nomau ɗan Jibo ɗan Maigero, na Jiratawa. Ka gaya mishi sau biyu, na ga kunnenshi manya ne amma ban san ko suna riƙo ba."

Maiwada ya faɗa sau biyu, da Faransanci tsantsa, kalma bayan kalma. Ilyasu ya dafa ƙirji ya ce, "Na yi alkawari, Baba."

"Kai ne shaida," in ji Nomau, yana nuna Maiwada da haɓa. "Shi baƙo ne, gobe ya tahi. Kai na sani."

Daga ranar Ilyasu ya fara ƙiba. Shekara biyu suna zuwa Jiratawa, suna zama a inuwar rumbu. Nomau ya buɗe masa komai: yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye, abin da ake binnewa a tsakiyar gona, kalar akuyar da uwar gona, iskar da ke tsaron gona, ke karɓa, wanda ke fara sa hannu a rumbu da wanda ko kusa ba ya zuwa. Ya faɗi har yadda aka yanke masa gefen gonarsa lokacin da aka shata filin noman rani, da bakin waɗanda suka yi. Kowace kasat ta cika, Ilyasu ya rubuta NOMAU a gefenta da manyan baƙaƙe. Tsohon bai taɓa shiga lakwal ba, amma da yawan gani ya haddace siffar. Yakan ce, "Ga ni nan. Tsani karkatacce, sannan bakin rijiya." Har yakan zana shi a ƙasa da tsinke in ba kowa.

Labarin da ya fi son bayarwa shi ne na Tanimu na Tibiri. Tun suna samari suke kishin noma, a kowace gayya sai an haɗa su kunya da kunya. Shekarar da Nomau ya yi dubu, Tanimu ya rantse shi ma zai yi. Da kaka ta zo bai kai ko rabi ba, sai ya bi ƙannensa da surukansa ya aro damunan gero ya jera. Ranar taro wata tsohuwa ta gane ɗaurin mijinta, ta ce, "Wanga ai namu ne." Kowa ya shiga duba nasa, kafin azahar fili ya zama wayam. Nomau kan ba da labarin nan yana dariya har tari ya sarƙe shi, Ilyasu na rubutawa.

Ana cikin azumi sojoji suka karɓi mulki. Jami'ar Ilyasu ta aiko masa ya tattara ya dawo. A tasha ya rungume Maiwada, ya bar masa rakodar da hular rana, ya sake cewa ɗan'uwana.

Shekara huɗu ana jira. Duk zuwan Maiwada Jiratawa, kafin ya sauka daga mobilet tsohon zai ce, "Takarda ta zo?" Ya ce tana hanya, Kawu. "Da jaki aka aiko ta?" Har maƙwabta suka ɗauka, yara na binsa suna takarda ta zo.

Ta zo da bazara, a ƙunshe cikin takarda mai kauri. Maiwada bai iya jira ya kai gida ba, ya zauna a dakalin gidan waya ya buɗe. Littafi ne mai nauyi, da hoton rumbu a bango. Ya gane rumbun, har tsagar da ke gefensa. Ya buɗe babin dubu, ya ga maganar kawunsa tiryan-tiryan, ba a rage ko tari ba. Amma a bakin wani mutum aka sa ta, wai shi Tanimu, tsohon manomi a wani ƙauye kusa da Tibiri. Ya buɗe gaba, Tanimu. Ya koma baya, Tanimu. Tanimu ne ya yi dubu, Tanimu ne ya san akuyar uwar gona. Shi kuma mai aron damunan an bar shi ba suna, wai wani maƙwabci.

Akwai wasiƙa a ciki. Ilyasu, wanda yanzu dakta ne, ya rubuta cewa dokar jami'arsu ce, ba a buga sunan wanda aka yi hira da shi, don kare shi. Ga ƙasar a hannun soja, ga masu wa'azi, ga abin da Baba ya faɗa a kan filin noman rani, kwamitin malamai ya ce lallai a sauya suna da gari. Ya ce ya yi gardama amma an fi ƙarfinsa, ya duba kayensa na rubutu ya zaɓi wani suna na yankin mai daɗin faɗa. Ya tabbata Baba zai gane alheri aka yi masa. A shafin godiya akwai layi guda: ga M., wanda ya taimaka da sufuri.

Atika ta saurari wasiƙar tana tsince shinkafa. Ta ce, "Sufuri. Da zanena."

"Ba wannan ke damuna ba."

"Na sani, Mushe. Amma ni shi ke damuna, kai ka ɗauki naka." Ta kakkaɓe faifai. "Duk sunayen da ke ƙasar Gobir da Katsina, sai Tanimu ya gani? Da na sani da gishiri na zuba mishi a kunun."

Sati uku littafin na ƙarƙashin katifa. Maiwada ya yi ta saƙawa. Tsohon bai iya Faransanci ba, in ya karanta masa ya riƙa cewa Nomau duk inda aka ce Tanimu, wa zai sani? Ya ma gwada a ɗaki, ya ji bakinsa ya saba. Da wannan niyyar ya hau mobilet.

Labari ya riga shi, don ma'aikacin gidan waya ɗan Jiratawa ne. Ya tarar an share gindin rumbu, an shimfiɗa tabarmi, tsofaffi sun kai goma, har 'ya'yan Nomau biyu sun bar kwalaben fetur sun zo. Tsohon ya sa rigarsa ta saƙi wadda ya yi dubu da ita. Ya sa aka zuba masa ruwa ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya goge, sannan ya miƙo su biyu.

"Kawu, bari in karanta muku."

"Ka karanta. Amma bari in gaida kaina tukuna."

Ya ɗora littafin a cinya, ya ga rumbunsa a bango, ya ɗaga ya nuna wa jama'a, aka yi ta ma sha Allah. Ya buɗe, ya sa yatsa a layin farko, ya fara bi. Maiwada ya ga yatsan nan mai kaushi na tafiya a hankali kamar mai bin kunya yana neman tsiro, sai ya san dabararsa ta mutu. Ya manta da tsani da bakin rijiya. Shafi ya wuce, wani ya wuce. Tsofaffi suka gama tauna goro suka shiga kallon ƙasa. Inuwar rumbu ta matsa, ba wanda ya matsa da ita.

Can Nomau ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗan Asabe, ban gan ni ba. Akwai wani da ke ta dawowa, mai kama da turken awaki a gaba. Wane ne?"

Maiwada ya buɗe baki, Faransanci bai zo ba, ƙarya ma ba ta zo ba. Ya ce, "Tanimu ne, Kawu."

"Wane Tanimu?"

"Ya ce suna ne kawai ya ɗauka. Ya ce don ya kare ka ne, kada hukuma ko malamai su taɓa ka."

Wani tsoho ya yi dariya ya maida ita tari. Babban ɗan Nomau ya ce a hankali, "Baba, wataƙila hakan ya fi."

Nomau bai dube shi ba. Ya ce, "Na tara gari bakwai na yanka sa a gabansu da rana tsaka. Wa na ɓoye ma?" Ya rufe littafin, ya shafa bangon. "Guda nawa suka yi irin wanga?"

Maiwada ya tuna wasiƙar. "Ya ce dubu aka buga."

Tsohon ya jinjina kai. "To shi ma ya yi dubu. Da damin wani." Ya miƙa wa Maiwada littafin. "Shi ban riƙe shi ba, baƙo ne, na hwaɗa tun ranar. Kai ka kawo shi, kai ka ce ɗan'uwanka ne."

Ya tashi ya shiga gida, ya cire rigar saƙin, ya fito da tsohuwar taguwarsa ya tafi duba awaki.

Maiwada ya koma Maraɗi ya sayi bik ja. Kwana tara yana bin littafin shafi-shafi, duk inda ya ga Tanimu ya soke, ya rubuta Nomau ɗan Jibo ɗan Maigero a sama da ƙananan baƙaƙe, inda aka ce kusa da Tibiri ya mai da shi Jiratawa. Ya kai wa tsohon. Nomau ya bi da yatsa, ya ga tsani da bakin rijiya ja wur a ko'ina, har fuskarsa ta ɗan saki. Sannan ya ce, "Cikin dubun, saura nawa?" Maiwada ya karɓi littafin ya mayar jaka.

Ya rubuta wa Ilyasu wasiƙa shafi shida. Amsa ta zo a bayan kati mai hoton ƙanƙara, cewa ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma in an sake buga littafin zai duba abin da za a iya yi. Ba a sake bugawa ba.

Littafin kuwa ya yi farin jini can wurinsu. Bayan shekara biyu ɗalibai suka fara zuwa, riƙe da shi a hammata, suna sauka Tibiri suna tambayar wani tsohon manomi Tanimu. Aka nuna musu gidansa, tunda akwai shi. Da farko Tanimu ya tsorata, ya ɗauka maganar aron damuna ce ta kai ƙasar Turawa. Da tafintansu ya bayyana masa, sai ya gyara zama ya ce ai an rage ma, dami dubu da ɗari biyu ne. Ya sa aka ɗinka masa babbar riga, ya riƙa tsayawa gaban rumbun ƙaninsa ana ɗaukarsa hoto. Labarin ya iso Jiratawa a bakin 'yan kasuwa. Daga ranar Nomau bai sake ba da labarin tsohuwa da ɗaurin mijinta ba. Ya rasu da kakar da ta biyo. A wurin zaman makoki babu ganga, 'ya'yansa ba su yarda ba.

Maiwada bai koma lakwal ba, bai sake yi wa kowa tafinta ba. Ya samo teburin nan ya kafa a gindin bedi.

Bara waccan wata Baturiya ta sauka daga kabu-kabu a gabansa, jajir da ita, bel ɗinta da sababbin huda biyu. An ce mata shi ne ya san hanyar da littafin ya bi. Ta ce wata uku ke nan tana yawo ba wanda ya gaya mata komai, tana son a kai ta gidan Tanimu, ko da ɗiyansa ne ta gani. Idonta ya ciko. Maiwada ya dube ta, ya aika a sayo mata ruwan sanyi, ya jawo mata benci.

"Kin zo da littafin, Madam?"

Ta fiddo shi daga jaka, duk ya sha lanƙwasa. Ya jawo aljihun tebur ya fiddo nasa, ya buɗe su gefe da gefe, ya zaro bik ɗin da ke rubutu ya ajiye mata.

"Fara daga shafi na goma sha ɗaya," in ji shi. "In kin gama sai mu yi maganar hanya."

Nata ne na huɗu da aka gyara.